Awa biyu a mako, aji ya cika maƙil: in cire hujja daga darasin diskirit?

Mai Alli:
Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Shawara na zo nema kafin a koma zango mai zuwa. Bana shekarata uku ina koyar da diskirit ga 'yan aji biyu na sashen kwamfuta, wato lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya: manɗiƙi, rukunai, ƙirga hanyoyi, ragowar rabawa, da zanen ɗigo da layi. A bana aka haɗa min da 'yan injiniyan kwamfuta, aji ya haura mutum ɗari biyu. Yunit biyu ne kwas ɗin, awa biyu ke nan a mako.

Jiya na gama makin jarrabawa, kuma raina bai yi daɗi ba. Tambayar jadawalin gaskiya da ƙarya kusan kowa ya cinye ta. Amma inda na ce a kafa hujja cewa jimlar lambobi daga 1 zuwa n ita ce n(n+1)/2, mafi yawansu 1 da 2 da 3 suka gwada, suka ga ya fito daidai, suka rubuta cewa an tabbatar. Wasu kuma sun haddace matakan indokshan tsaf, wato hujjar da ake nuna abu ya yi a kan lamba ta farko, sannan a nuna in ya yi a kan wata lamba zai yi a kan mai bi mata, amma a tsakiya sai su ɗauko abin da ake son tabbatarwa su jingina da shi.

Mako huɗu na kashe a kan hujja. Ina tunanin in cire ta gaba ɗaya, in mayar da lokacin kan gwaji da Python, harshen rubuta manhaja. Me kuka gani?

Injiniyan Wuta:
Wa alaikumus salam Malam. Cire ta kawai. Na daɗe ina haɗa fanel-fanel na sarrafa injina a masana'anta, kuma abin da na ɗauko daga wannan kwas ɗin nake ci da shi har gobe shi ne aljabarar Boole, wato lissafin gaskiya da ƙarya, da taswirar Karnaugh da ake sauƙaƙa haɗin makunnai da ita. Ban taɓa zama gaban injin da ya tsaya na ce bari in yi indokshan ba. Yaran nan aiki za su nema. Ka nuna musu yadda Claude Shannon ya gano a 1937, yana ɗalibin digiri na biyu a MIT, cewa makunnin wuta da aljabarar Boole abu ɗaya ne. Wannan zai shiga kansu, don suna ganinsa da ido. Hujja kuwa a bar wa 'yan sashen lissafi.

Baba Mai Ritaya:
Injiniya ɗana, misalin da ka kawo ni yake goyon baya. Da George Boole ya fitar da aikinsa a 1854, babu wata wayar wuta a ransa, ƙa'idojin tunani yake bi. Shi kuma Shannon, abin da ya sa aikinsa ya yi nauyi shi ne ya nuna za a iya tabbatar da cewa haɗin wayoyi biyu aiki ɗaya suke yi ta hanyar lissafi a takarda, ba sai an kunna kowane makunni an gani ba. To wannan ai ita ce hujjar da kake cewa a cire.

Malam Mai Alli, ga abin da nake fara aji da shi shekara da shekaru. Ka rubuta n² + n + 41 a allo. Ka ce su saka 0, su saka 1, su saka 2. Za su samu 41, 43, 47, 53, 61, duk lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu. Ka bar su su yi ta tafiya, har wani ya rantse cewa kullum haka ne. Haka zai ci gaba har zuwa 39. A kan 40 sai a samu 1681, wanda 41 sau 41 ne. Euler ne ya lura da wannan. Sau arba'in abu yana fitowa daidai, a na arba'in da ɗaya ya karye. Yaron da ya ga wannan da hannunsa ba zai ƙara gwada lamba uku ya ce ya tabbatar ba.

Injiniyan Wuta:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na ji wannan. Amma ni a wurin aikina abubuwan ba su da yawa haka. In fanel yana da mashiga huɗu, yanayi 16 ne kacal, in gwada su duka kafin la'asar. Gwajin da ya game komai ai ya wadatar.

Mai Manhaja:
Yaya Injiniya, gaskiyarka a kan huɗu. Amma ɗaliban Malam ba a huɗu za su tsaya ba. Ɗauki ɗan sashen da ke tara lambobi biyu masu bit 32, wato gurabe 32 na 0 ko 1, a cikin kwamfuta. Mashiga 64 ke gare shi. Yanayinsa 2 ne a ninka shi da kansa sau 64, wato 18,446,744,073,709,551,616. Ko kana gwada biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ka haura shekara 580 ba ka gama ba. A 1994 aka gano Pentium, sashen sarrafa kwamfuta na kamfanin Intel, yana kuskure a wasu rabe-raben lambobi, kuma maye gurbinsa ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. Ba don ba su yi gwaji ba ne, kuskuren ne yake ɓoye a inda gwaji bai taka ba.

'Yar Aji Uku:
Malamaina ku yi haƙuri in sa baki, ni bara na yi kwas ɗin, a wata makarantar daban, kuma da ƙyar na haye. Ba ƙin hujja muke yi ba wallahi. Tun daga firamare har JAMB, duk tambayar lissafi amsarta lamba ce, ka samo ta ka ja layi biyu a ƙasa. Rana ɗaya aka shigo aka ce amsa yanzu jimloli ce, kuma babu wanda ya zauna ya gaya mana me ake nema a cikin jimlolin. Ni dai na ɗauka wata kalar haddar ce.

Na biyu kuma Turancin. Layin da ya fi ba ni wahala a jadawali shi ne inda sharaɗi ƙarya ne amma a ce jimlar gaba ɗaya gaskiya ce. Na tambaya a aji aka ce min haka ƙa'idar take. Na haddace, na ci makin, amma har na fita daga ɗakin jarrabawa ban yarda da shi ba.

Mai Alli:
Ƙanwata na gode, irin wannan nake son ji. Kin taɓa samun wanda ya warware miki shi daga baya?

'Yar Aji Uku:
A'a Malam, har yanzu yana nan yadda yake.

Malama Bakatsiniya:
To zo mu warware shi yanzu, 'yata. Mahaifinki ya ce: idan kika ci jarrabawa zan saya miki waya. Yaushe za a ce ya saɓa alkawari? Kin ci ya saya, ya cika. Kin ci bai saya ba, ya saɓa. Kin faɗi bai saya ba, babu mai cewa ya yi ƙarya. Kin faɗi amma ya tausaya ya saya, nan ma bai yi ƙarya ba, don bai taɓa cewa komai a kan abin da zai yi in kin faɗi ba. Hanya ɗaya tak ce maganarsa za ta zama ƙarya a cikin huɗun. Jadawalin nan da kika haddace abin da yake faɗa ke nan, ba ƙari.

Malam Mai Alli, ni ma ina koyar da kwas ɗin, kuma minti goma na farko na kowane sabon babi da Hausa nake yin sa, sannan in koma Turanci da alamomi. Akwai waɗanda ba Hausawa ba a ajin, sai in ce kowa ya faɗi jimlar da harshensa ga na kusa da shi. Kalmar "ko" kaɗai ta ishe ka darasi guda. In aka ce maka shayi ko koko, ɗaya ake nufi ka zaɓa. In aka ce mai katin ɗalibi ko katin zaɓe ya shigo, wanda ya zo da duka biyun ba a kora shi. Yaranmu sun san bambancin nan tun suna goye. Ba su dai san shi ne ake rubutawa da alamomi biyu daban ba.

'Yar Aji Uku:
Malama Allah ya saka da alheri. Wallahi yanzu ya zauna. Ashe tambayar ita ce yaushe aka saɓa, ba yaushe abin ya faru ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga wannan ɓangaren. Mu da muka yi ajin lissafi a lise, wato babbar sakandare, mun haɗu da indokshan da lissafin ragowa tun kafin bakaloriya, jarrabawar kammala ta. Sai mutum ya zaci mun tsira. Ba mu tsira ba. Matakai uku aka ba mu, muka haddace su kamar karatun allo: ka duba na farko, ka ɗauka ya yi a kan n, ka nuna a kan n+1. Na ci jarrabawa da su, amma sai da na fara rubuta manhajar da ke kiran kanta da kanta sannan na gane me ya sa matakin tsakiya ba zamba ba ne. Don haka fara shi da wuri kaɗai ba magani ba ne. Misalin da ake bayarwa shi ne matsalar. Jimlar 1 zuwa n ba ta dami kowa ba, yaro bai taɓa kwana yana tunaninta ba.

Malama Bakatsiniya:
Ɗan Maraɗi ya taɓo wurin. Ga wanda nake amfani da shi, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Mai POS ya wayi gari ba shi da kowace takardar kuɗi sai 'yan 200 da 'yan 500, amma suna da yawa. Waɗanne kuɗi zai iya biya cif-cif? Sai aji ya kaure. 100 ba zai yiwu ba. 200 zai yiwu. 300 ba zai yiwu ba. 400, 500, 600, 700, duk suna yiwuwa. Sai in ce to 13,900 fa? Wani zai lissafa ya samo. Sai in ce ni ba na son ku yi ta lissafa kowanne, ina son dalili ɗaya da zai rufe bakin kowa har abada.

Ana jimawa wani zai ce: Malama, in dai an iya biyan wani kuɗi, ai ƙara 'yar 200 ɗaya za a yi a biya wanda ya fi shi da 200. Sai in ce to daga 400 ina za ka? 600, 800, 1000. Ina 700 da 900? Sai su ga dole a kafa ƙafa biyu, 400 da 500, sannan tsanin ya ɗauki kowa. A nan suke gane abu biyu a lokaci guda: me ya sa ake buƙatar tushe, da me ya sa wani lokaci tushe ɗaya ba ya isa. Sai bayan sun faɗe shi da bakinsu nake rubuta sunansa a allo.

Mai Manhaja:
Wannan ya yi, Malama. Ni kuma inda na tsaya shi ne tsakanin Baba da Malam Mai Alli: kada a cire hujja, amma a fara da kod. Duk madauki da mutum ya rubuta a manhaja, wato umarnin da ke ta zagayowa yana maimaita kansa, akwai wata magana da take gaskiya kafin ya shiga, take gaskiya bayan kowane zagaye. Wanda ya iya faɗin wannan maganar ya yi indokshan ko bai san sunansa ba.

Misalin da nake ba yaran da ke zuwa mana horon aiki na SIWES shi ne neman abu a jerin da aka tsara, ta hanyar raba shi biyu kowane lokaci. Layi goma ne ko ƙasa da haka. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa wanda ke cikin laburaren harshen manhaja na Java, wanda shi da kansa ya rubuta, ya yi kusan shekara tara da kuskure a ciki. Wurin nemo tsakiya ana tara lambar farko da ta ƙarshe a raba biyu. In jerin ya yi girma sosai, jimlar sai ta haura 2,147,483,647, iyakar abin da ma'ajin zai ɗauka, ta juye ta koma ƙasa da sifili. Hujjar da ke takarda daidai take a kan lambobin da ba su da iyaka, na'ura kuwa tana da iyaka. Shi ya sa nake son ɗalibi ya riƙe biyun tare.

Haka lissafin ragowa. Lambar asusun banki ta NUBAN guda goma ce, kuma ta ƙarshen ba ta cikin lambar asusun, mai gadi ce. Ana ninka sauran lambobin, haɗe da lambar bankin, da 3 da 7 bisa wani tsari, a tara, a duba ragowar rabawa da 10. Ka ba su wannan su rubuta, sannan ka tambaye su: in mutum ya kuskure lamba ɗaya, ko yaushe za a kama? Me ya sa aka zaɓi 3 da 7, ba 2 da 5 ba? Amsar tana komawa kan cewa babu lambar da ke raba 3 ko 7 ta kuma raba 10 sai 1. Ga hujja ta shigo da ƙafarta.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana Mai Manhaja, ban ƙi ba, amma ina da tsoro biyu. Na farko, da yawan yaran nan ba su da kwamfuta, ɗakin kwamfutar makaranta kuma sai an ci sa'ar wuta. Na biyu shi ya fi damuna. Na'ura tana saurin ba da amsa, kuma yaro in ya ga amsa ta fito ya daina tunani. Zai gwada har miliyan ya ce ya tabbatar, ciwon da Malam ya kawo kuka a kansa ke nan, an dai ƙara masa girma. Takarda da fensir suna tilasta wa mutum ya zauna da abu.

'Yar Aji Uku:
Baba, a kan na farkon, yawancinmu a waya muke yin Python, akwai Pydroid. Ba daɗi kamar kwamfuta amma yana yi. A kan na biyun kuma gaskiyarku ne, na sha yin haka.

Ɗan Maraɗi:
Akwai babin da ba ya buƙatar wuta ko waya. Ka tashi mutum takwas a aji, ka ce na tabbata biyu daga cikinku rana ɗaya aka haife su a mako. Ko ba su san ranarsu ba, sunayen gida za su tona: Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Talatu, Balarabe, Asabe. Ranaku bakwai ne, mutane takwas. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Dirichlet, kuma ita ce dalilin da ya sa babu manhajar matse fayil da za ta iya rage girman kowane irin fayil ba tare da asarar komai ba. Daga sunan rana zuwa wannan, taku uku ne a allo.

Malama Bakatsiniya:
Tunda an zo nan, bari in kawo na garinmu. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina murabba'in lambobi mai gidaje wutiri, wanda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlarsa ɗaya. Shekara huɗu ke nan kafin Euler ya warware zancen gadoji bakwai na Königsberg a 1736, wanda kowane littafin diskirit yake buɗe babin zanen ɗigo da layi da shi. Abin da ya bayar hanya ce ta bi-da-bi, ka sa wannan a nan, ka matsa kaza, in gidan a cike yake ka yi kaza. Algoridim ke nan.

Malam Mai Alli, ga inda ya haɗu da tambayarka ta jarrabawa. A murabba'i mai gida uku-uku kowane layi 15 ne. A mai biyar-biyar 65. Me ya sa? Lambobin daga 1 ne zuwa n², jimlarsu n²(n²+1)/2, a raba wa layuka n, kowanne ya samu n(n²+1)/2. Ka ga ƙa'idar jimlar nan da suka ƙi kulawa da ita ta zama makullin wani abu da suke son sani.

Injiniyan Wuta:
Hajiya Malama, a yi hattara da wannan. Hatimi ne fa, kuma kin san yadda mutane suke kallonsa da abin da ake yi da shi. Wani ɗalibin zai fita ya ce malama tana koyar da tsibbu a aji.

Malama Bakatsiniya:
Na san da haka Injiniya, kuma gaskiya ne a zamaninsa ilimin yana haɗe da abubuwan da ni ban yarda da su ba. Ina faɗa musu wannan a fili tun farko. Abin da muke ɗauka tsarin lambobin ne da dalilin da ya sa yake aiki. Shekarun da na yi ina kawo shi, ban samu wanda ya kai ƙara ba, sai ma masu zuwa bayan aji suna tambayar yadda ake na bakwai-bakwai.

Baba Mai Ritaya:
Ni ma ina kawo shi, amma minti biyar. Kada aji ya koma wurin alfahari da kakanni alhali yaro bai iya juya jimla mai "duk" zuwa kishiyarta ba. Wannan shi ne abin da na fi ganin yana kayar da su: ka ce musu mene ne kishiyar "duk ɗalibai sun zo", su ce "babu wanda ya zo". Alhali mutum ɗaya ya isa ya ƙaryata ta. Masu karatun manɗiƙi a zaure sun san wannan sarai, sun san mas'alar da ta game duka ana rushe ta da guda ɗaya. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai iya rubuta sharaɗin tsayawar madauki daidai ba.

Injiniyan Wuta:
To bari in faɗi gaskiya, tun da Malama ta ambaci ɗigo da layi nake tunani. Layukan rarraba wuta na unguwa yawanci kamar bishiya ake tafiyar da su, daga tiransifoma zuwa rassa, ba a barin zobe a rufe. In akwai mahaɗa n, layuka n−1 ne suke haɗa su ba tare da zobe ba. Haka a lissafin da'irar wuta, adadin zobban da za ka rubuta wa lissafi shi ne yawan rassa, a cire yawan mahaɗa, a ƙara 1. Haddace shi na yi a aji biyu, ina amfani da shi, ban taɓa tambayar daga ina ya zo ba. Na san dai aikin Kirchhoff ne na 1847.

Baba Mai Ritaya:
Daga indokshan ya zo, ɗana. Kowace bishiya mai mahaɗa biyu ko fiye tana da ganye, wato mahaɗar da layi ɗaya ne ya taɓa ta. Cire ganyen da layinsa. Abin da ya rage bishiya ce, ta ragu da mahaɗa ɗaya da layi ɗaya. Yi ta cirewa har ya rage mahaɗa ɗaya babu layi. Kowane mataki ɗaya-ɗaya aka cire, don haka tun farko layuka sun gaza mahaɗa da ɗaya. Duk layin da ka ƙara a kan bishiyar kuma zobe ɗaya yake rufewa. Ga ƙa'idarka ta fito.

Injiniyan Wuta:
Allah ya ja kwana Baba. In wannan ce hujja, a koya musu ita, na janye rabin maganata. Amma rabin yana nan. Awa biyu a mako ba za ta ɗauki komai ba. In an bar hujja dole wani abu ya fita. Ni a ganina babin dangantaka da zanen Hasse da su latis, masu nuna wane abu ke gaban wane, ɗan injiniya ba ya buƙatarsu.

Mai Manhaja:
A nan kam ban bi ka ba Yaya. Duk rumbun bayanan da ake tambaya da SQL a kan dangantaka aka gina shi, tun takardar Edgar Codd ta 1970. Tsarin wane kwas ne sai an ci shi kafin a ɗauki wane, shi ma zanen Hasse ne. Latis dai na yarda a ɗaga shi zuwa gaba.

Injiniyan Wuta:
Wannan na 'yan kwamfuta ne. Nawa yaran fa? Matsalar haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya ke nan.

Malama Bakatsiniya:
Wannan ba a aji za a warware shi ba, a taron sashe ne. Tsarin karatun jami'o'i na CCMAS da hukumar jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da kanta. Ana iya neman kwas na biyu a aji uku daga cikin wannan kason, a kai ƙirga mai zurfi da latis da lissafin da ke ƙarƙashin hanyar ɓoye saƙo ta RSA can. Kafin nan dai dole a zaɓa.

Mai Alli:
Na karanta komai sau biyu, Allah ya saka wa kowa. Na fasa cirewa. Amma ga abin da ya rage min, kuma shi ne ya fara kai ni ga tunanin cirewar: maki. Hujja ɗari biyu da wani abu, ni kaɗai, kowacce sai an karanta ta layi-layi. Aikin gida kuma yanzu ChatGPT ne yake rubuta wa da yawansu, ya fito tsaf babu abin kamawa.

Malama Bakatsiniya:
Ka juya tambayar. Maimakon su rubuta hujja kullum, kai ka rubuta mai ɓaraka, ka sa wa layukan lamba, ka ce su nuna layin da ya karye su faɗi dalili a jimla biyu. A aji za a yi, minti goma, a takarda rabin shafi. Makinsa ba ya cin lokaci, kuma wanda ya haddace ba ya iya tsallake shi. Rubuta cikakkiyar hujja ka bar shi sau biyu a zango da kuma jarrabawa.

Ga tsohon misali da aka daɗe ana yi da dawaki, ni da awaki nake yi. Da'awa: a kowane garke, duk awakin launinsu ɗaya. Layi na 1: garke mai akuya ɗaya, launi ɗaya ne. Layi na 2: mu ɗauka gaskiya ne a kan kowane garke mai awaki n. Layi na 3: ga garke mai n+1, fitar da ta farko, sauran n launinsu ɗaya. Layi na 4: mayar da ita, fitar da ta ƙarshe, sauran n launinsu ɗaya. Layi na 5: awakin tsakiya suna cikin rukunin biyu, don haka duka launinsu ɗaya. 'Yata 'Yar Aji Uku, ke nake jira, malamai ku yi shiru.

'Yar Aji Uku:
Malama na fi awa ɗaya a kai. Da farko na zargi layi na 2, na ce ai an ɗauki abin da ake son tabbatarwa. Sai na tuna zancen mai POS, ɗaukar ba laifi ba ce, tsanin ne. Sai na zana awaki biyu, fara da baƙa. Na fitar da ta farko, saura baƙa. Na fitar da ta ƙarshe, saura fara. Babu wata akuya a tsakiya da za ta haɗa su. Layi na 5 ne. Yana aiki daga 2 zuwa 3 da abin da ya yi sama, amma daga 1 zuwa 2 babu matakala.

Malama Bakatsiniya:
Shi ne, 'yata.

Mai Alli:
To ga yadda zan jera makonni shida na farko, ku duba min. Mako na 1, lissafin Baba na 41 da kishiyar "duk". Na 2 da na 3, manɗiƙi da alkawarin waya, a rufe da makunnan Injiniya. Na 4, mai POS. Na 5, madauki da neman tsakiya a Pydroid, biyu-biyu ga waɗanda ba su da waya mai ɗauka. Na 6, bishiya da ƙa'idar Kirchhoff, don 'yan injiniya su ga nasu da wuri. Latis na cire. Dangantaka na bar mata mako ɗaya a gaba.

Injiniyan Wuta:
Mako ɗayan ma ni da ƙirga aka ƙara wa. Amma in ka kai mako na 6 ka yi min magana Malam, zan turo maka zanen layin wata unguwa da na cire sunayen wuraren, mahaɗa 23 ne, akwai layi biyu da ake bari a buɗe. Ka ce su nemo waɗanne ne za a iya rufewa in layin tsakiya ya yanke.

Baba Mai Ritaya:
Malam, ka matso da mai POS zuwa mako na 3. Manɗiƙi mako biyu a jere yana gajiyar da su, ka raba shi, rabi kafin tsanin rabi bayansa.